Darasin da Ake Yi Kafin Motar Makaranta Ta Iso

Shugabar hukumar ilimi ta gundumarmu, Misis Lindqvist. Shugaban makarantar Pine Ford, Mista Kowalke. Mambobin hukuma masu daraja. Malamai, iyaye, da maƙwabtana da suka baro gonakinsu cikin wannan sanyi: barkanku da yamma. Sunana Curtis Halvorsen, mai shanun madara a hanyar tafki. Na gode da kuka ba ni dama, na kuma gode wa matan coci da suka kawo kofi mai zafi, domin shi kaɗai ne abin da ya zo a kan lokaci a wannan makaranta.

Magana ta farko. Kun buɗe ajin lissafi mai zurfi, irin na matakin jami'a, muka yi murna, muka tafa. Wanda ya ci jarrabawarsa a watan Mayu, jami'a za ta ɗauke masa darasin shekarar farko, ta kuma dube shi da ƙima wajen ba da gurbi. Madalla. Amma yaushe kuka sa ajin? Da sassafe, kafin motar makaranta ta iso! Yaron cikin gari ya tako da ƙafa ya shiga, yaron da ubansa ya saya wa mota ya tuƙo ya shiga, 'ya'yanmu na ƙauye kuwa a lokacin suna tsaye bakin titi cikin dusar ƙanƙara suna jiran bas.

Na je na sami Mista Kowalke, ya ce da ni, "Haba Curtis, ai sai ka riƙa kawo ta da kanka." Na ce, "Ranka ya daɗe, zo ka gaya wa shanuna su jira. Ni na yi musu bayani, ba su gane ba." A lokacin nan nake tatsa, kuma tun rasuwar matata ni kaɗai ne.

Magana ta biyu, ita ce ta fi ci mini rai. Bara ɗan ƙanwata, Wyatt, wanda shi ma bas yake hawa, ya nemi gurbin karatun injiniya a jami'a. Matar da ke tantance ɗalibai ta dubi sakamakonsa ta ce, "Makinka ya yi kyau, samari. Amma makarantarku tana koyar da babban lissafi, me ya hana ka ɗauka? Tsoro ka ji?" Bai samu ba. Ku saurara da kyau, jama'a: da a ce ba ku buɗe ajin ba sam, da ba wanda zai tuhume shi. Jami'a tana auna yaro ne da abin da makarantarsa ta tanada. Ajin da kuka buɗe don taimako shi ya zama shaida a kan yaranmu, ya nuna su ragwaye alhali ba ragwaye ba ne.

Magana ta uku. An ce mana jadawali ba ya taɓuwa. Ba ya taɓuwa? Ranar buɗe farautar barewa rufe makarantar nan muke yi ɗungurungum, ni ma ina cikin masu saɓa bindiga, ban musa ba. Ranar Juma'ar da ake wasan ƙwallo, ana yanke darasin ƙarshe don a yi kiɗa da ihu a zaure. Koci Dombrowski, ga ka nan zaune, ba faɗa nake da kai ba. Ko ni muryata dishewa take a filin nan. Amma jadawalin da ya durƙusa wa barewa, ya durƙusa wa ƙwallo, shi ne yau ya ƙi ko sunkuya wa lissafi? Wallahi na gaji da jin wannan magana.

'Yata Annika za ta shiga ajin ƙarshe, kuma Juma'ar nan ake rufe zaɓen darussa. Tun tana ƙarama take kwance injin tatsa ta mayar, injiniya take son zama. Shekaranjiya na tarar da ita a rumbu tana hura tayar tsohon keken uwarta. Na ce, "Ke, ina zuwa?" Ta ce, "Baba, gwadawa zan yi in ga ko zan iya kaiwa kafin a fara aji." A hanyar da ko motar share ƙanƙara sai ta yi da gaske! Tsoro ya kama ni, kunya kuma ta rufe ni.

Don haka roƙona ɗaya ne: ku mayar da ajin lokacin da bas ya iso, ko ku turo bas lokacin da ake ajin. Idan duka biyun sun gagare ku, to ku soke shi, ku daina yi wa yaranmu tarko da sunan gata.

'Yata ta roƙe ni kada in ambaci sunanta a nan. Annika, ki yi haƙuri, na ambata. Ga ta can a layin baya. Kafin ku ɗaga hannu ku jefa ƙuri'a, ku waiwaya ku dube ta, domin keken yana nan a rumbu, kuma na san 'yata: za ta hau.

Allah ya ba shugabanninmu basira, ya tsare yaranmu a kan hanya, ya mai da kowa gidansa lafiya. Na gode.