Halwar Baba

A ɗakin jiran likitan ƙwaƙwalwa, a wani asibiti a Abuja, Nababa ya ja hularsa har gira, kada wani daga ma'aikatarsu ya gane shi. Takardar da ya cike wa 'yarsa tana hannunsa. Wata dattijuwa da ke gefensa ta leƙo.

"Alhaji, me ka rubuta inda suka tambayi ciwon dangi? Ni ɗana na kawo."

"'Babu' na rubuta, Hajiya. Gidanmu ba mahaukaci."

"Wa ya ce hauka? Ciwo ne da ke kwantar da mutum, can kuma ya ɗaga shi sama. Likita ya ce yakan bi jini, amma ba kowa yake kamawa ba. Mahaifiyata cewa aka yi iska ce, muka yi ta turare har ta rasu."

"Allah ya jiƙanta. Mu mahaifinmu malami ne. Halwa kawai yake shiga, wata biyu ba magana, abinci ma sai an yi da gaske. In ya fito kuma ba barci, ya rabar da komai, har tabarmar gidan."

"Carbi yake ja a ciki?"

Nababa ya tuna ranar da ya leƙa ta taga, ya ga Baba kwance, fuskarsa ga bango, yana kuka.

"'Yar taka fa, yaya take yi?"

"Kulle kanta take yi a ɗaki," ya ce ƙasa-ƙasa. "Shekara biyu ina ce mata sangarta ce."

Ya mai da ido kan layin ciwon dangi, inda ya rubuta 'babu'.

"Hajiya, don Allah ara mini bironki."