Tela da Injin Gyaran Ƙwayoyin Halitta

A ɗakin jiran likitan ƙashi, wata matashiya mai bandeji a wuyan hannu ta kasa daina murmushi, har dattijon da ke gefenta ya tanka.

"'Yata, ke kaɗai na taɓa gani tana murna da ciwo."

"Baba, ai na ƙarshe ke nan. Shekara tara ina ɗiga ruwa cikin 'yan kwalabe a ɗakin bincike. Ƙwayoyin halittar tumatir muke gyarawa, mu yanke inda cuta ke kamawa, mu haɗe. Yanzu an kawo mana inji. Aikina na wata guda, kafin la'asar ya gama shi."

"Yanka da haɗi? Ashe ke ma tela ce irina! To a sa ni a layi, a ƙara wa jikana tsawo, a rage masa surutu."

Ta yi dariya har da dafe hannun. "Tumatir dai tukuna, Baba."

"Injin yana sake awo kafin ya sa almakashi?"

"Ba ya kuskure, sai in awon da aka ba shi ne ba daidai ba."

"Wa ke ba shi?"

"Ni."

"In na ɓata, riga ɗaya ce, in warware in ba da haƙuri. Ke fa?"

"Tsiro dubu da ɗari biyar," ta ce, dariyar tana raguwa. "Kuma suna yin iri."

Aka kira lambarta. Ta miƙe tana laluben waya.

"Shiga kafin ni, Baba. Bari in ce wa abokan aikina kada su kunna injin tukuna."