Ranar da Kotu Ta Hana Sayar da Wasan Wuta

Ana jibi Diwali, bikin fitilu da wasan wuta na Indiya, Kishori Lal, wani tsoho mai sayar da kayan wasan wuta, na zaune a layin ganin likitan ƙirji a Delhi. Kusa da shi wata mata ce riƙe da jikanta, numfashin yaron na fita kamar ana busa sarewa.

"Alƙalan Kotun Ƙoli su ne gwamnati yanzu," ya ce mata da tari ya sake shi. "Wa ya zaɓe su? Majalisa ba ta ce uffan ba, su sun hana mu sayarwa. Ga kaya jibge a ɗaki, ga auren 'yata ya taho. Gobe su za su auna mana gishirin miya."

"Gara da suka hana, Baba! Majalisar taka barci take yi. Ba don sun sa baki ba, da hayaƙin nan ya gama da yaranmu. Ji ƙirjin yaron nan. Kai ma ji naka."

"Nawa sanyi ne."

"Sanyi mai warin albarushi?"

Matar ta gyara wa yaron riga, ta waiga hagu da dama, ta matso.

"Baba, cikin kayan naka akwai irin mai juyawa a ƙasa? Tun jiya yake min kuka. Ɗaya tak."

"To, kotun fa?"

"Ai sayarwa ta hana. Ni kyauta za ka ba ni."