Kwanon Mai Bikin

Mai gabatarwa, ina gaishe ki da dukan masu sauraro. Ni ce Maman Rahila daga Makera.

Kirsimetin bara na duƙufa suyar kaji har lokacin sujada ya wuce ni. Ni fa, da mahaifiyata ke goyawa zuwa coci a ƙauyenmu, matan zumunta na kaɗa tulu, muryoyinsu na gangarowa daga kan dutse! Har yau in na lumshe ido ina jin su.

Ina zuba wa maƙwabta shinkafa kamar yadda muka saba, sai Rahila, 'yata mai shekara biyar, ta ja zanina ta ce, "Mama, kowa ya samu. Ina kwanon Yesu? Ba shi ne mai bikin ba?"

Na ajiye ludayi, muka durƙusa muka yi addu'a. Sannan muka cika kwano muka kai wa Baba Bitrus, tsohon da ke zaune shi kaɗai a layinmu.

Iyaye, ku ba ni shawara: yaya kuke yi kada hayaƙin girki ya ɓoye wa yaranku mai bikin? Rahila dai tun yanzu ta wanke kwanon Yesu na bana ta ajiye.