Tiren Inna Shatu

A bakin titin Mansur a Makka, Inna Shatu mai waina tana jiran mota, tirenta a cinya. Wani ɗan dako da ba ta sani ba ya tsuguna gefenta.

"Inna, ara min tiren nan zuwa magariba."

"Waina ta ƙare, ɗan nan. Tiren za ka ci?"

"Tsere muka haɗa bayan Muzdalifa. Tudun yashi ne, mutum ya zauna kan tire ya sulalo. Kafin askarawa su ankara mun watse. Ni kaɗai ban samu tire ba."

"In ya lotse, gobe kanka zan ɗora waina?"

"Wallahi ba ya lotsewa. Ji za ki yi kamar iska ta goya ki."

Shatu ta daɗe tana shafa gindin tiren.

"A hanyarmu ta zuwa ƙasar nan, bayan Abeshe ta Chadi, akwai irin tudun. Kan kirgi muke sulalowa da ƙanwata, ɗankwali yana tashi sama. Ita can ƙasa ta rufe ta."

"Allah ya jiƙanta. To, za ki ba ni?"

"Ba na ba da aro." Ta miƙe tana ɗaure mayafi a ƙugu. "Yalla, mu je. Kai ka tsaya gindin tudu ka riƙe min takalma."