Guɗar da Muka Yi wa Ciwon Yayana

Salamu alaikum Malama mai gabatarwa, sannu da aiki. Hadiza ce daga Randagi.

Yayana yana da ciwon ƙwaƙwalwa, wani lokaci ya yi ta rawar kai, wani lokaci ya yi shiru. Shekara biyu yana shan magani lafiya lau, yana noma yana waƙa. Kai, ina kewar lokacin nan! Da Inna ta ga ya samu sauƙi, sai ta yi sadakar waina, ta ce a bar maganin haka nan.

Ranar gayya ya tsere wa kowa a noma, muna ta guɗa. Ashe kwanansa huɗu bai runtsa ba, ciwon ne ya dawo. Yanzu ko gaisuwa ba ya amsawa.

Don Allah ki tambayar mana likita: in ya koma magani, zan sake jin waƙarsa?