Ajwar Hajiya da Maƙoshin Hanifa

Assalamu alaikum mai gabatarwa. Maman Hanifa ce daga Bani Harisa, Madina.

An yi wa 'yata aiki a maƙoshi saboda ba ta iya haɗiyar abinci. Likita ya ce kunu kaɗai za ta riƙa sha. Jiya na dulmiya cikin littafin soyayya, sai na ji tari. Ashe Hajiya, uwar mijina, ta ba ta dabinon ajwa.

"Waraka ne, 'yar nan!" in ji ta.

Allah ya taimaka Hanifa ta amayar da shi. Tun lokacin na kasa zaune na kasa tsaye, littafin ma na ajiye. Hajiya ta ce gobe guda bakwai za ta ba ta.

Jama'a, yaya zan hana ta, ba ta ce na raina albarka ba?